Sawun Shanu a Kan Kwalta

Mashudu ya shekara arba'in a duniya bai taɓa kwana a ɗaki mai sakata ba. A ruga aka haife shi, can bayan Tamale inda gonakin Dagomba suka ƙare daji ya fara, kuma a ruga ba a rufe ƙofa, don babu ita. Asabari ne, ka ɗaga ka shige. Abin da ake ɗaurewa maraƙi ne.

Ɗansa na fari, Abdulshakur, shekararsa biyar bai taɓa cewa Baba ba. In ka yi masa magana sai ya kalli bayan kafaɗarka. A kan yatsun ƙafa yake tafiya, kamar ƙasa na ƙona shi. Ƙarar babur ko ihun mutane kan sa ya toshe kunne ya tsuguna yana rawar jiki. An sha rubutu, an yi turare, an kai shi wajen wani tsoho a hanyar Yendi da ya ce iska ce. Iskar ba ta fita ba, bunsurun da aka kai ne kawai bai dawo ba. Sai wata nas a asibiti ta zaunar da iyayensa ta ce ba iska ba ce, ba kurumta ba ce, haka Allah ya halicce shi, Turawa na kiran abin otizim. Ta ce irin yaran nan tun suna ƙanana ake koya musu. Ta yi musu kwatancen wata Madam Lamisi a unguwar Kaladan cikin Tamale, mai 'yar makaranta a bayan gidanta, yara takwas ba ta ƙarawa.

Daga ruga zuwa Kaladan sai da babur, yaron kuwa ba ya hawa babur. Sai dai a tashi gaba ɗaya. Mashudu ya danƙa garken a hannun ƙanensa Sumaila.

"Yaya, za ka bar shanu arba'in ka tafi kiwon yaro ɗaya?"

"Arba'in ɗin sun san hanyar gida," in ji Mashudu.

Amma maganar ta dame shi, don a ruga yaron ma ya san hanyar gida. Kullum da an gama tatsa garke ya miƙe, sai ya kama jelar wata tsohuwar saniya ya bi su, ya dawo tare da su da yamma. Bai taɓa ɓata ba. Kuma a duk sautin duniya ɗaya kawai yake juyo wa: kiran da ubansa ke yi wa shanu, kaɗa harshe sau biyu, sannan "hoooi" mai tsawo da ke gangarowa ƙasa.

Suka kama ɗaki ɗaya a gidan haya na Mma Rahimatu, gida mai ƙofar ƙarfe da ke kallon lungu. Tun ranar farko tsohuwar ta yi wa Asmawu, matar Mashudu, gargaɗi da Hausarta ta 'yan zango: "Ku mutanen daji, ƙofa ba ya cizo fa. In kin fita, rufe shi."

Ranar Litinin suka kai yaron makaranta. Madam Lamisi ta gyara tabarau ta ce, "Yaya sunansa?"

Asmawu ta rufe baki da gefen mayafi. Mashudu ya kalli ƙasa. Ɗan fari ne, kuma a wajensu uwa da uba ba sa kama sunan ɗan fari; tun ranar suna babu ɗayansu da ya furta shi. Ya zaro katin asibiti ya miƙa mata ta karanta da kanta.

"To, a gida da me kuke kiransa ya juyo?"

Nan ne Mashudu ya yi kuskuren. Ya dubi tabarau, ya dubi hotunan da ke bango, ya ji nauyin a ce makiyayi ya zo birni yana kiran ɗansa kamar saniya. Ya ce, "Da sunansa."

Kwana huɗu Madam tana kiran Abdulshakur, kamar mai magana da randa. Ranar Alhamis ta tare shi a bakin ƙofa. "Baban yaro, ba zan ɓoye maka ba. Yaron da ba zan iya juyo da shi ba, ba zan iya tsare shi ba. Titi na nan kusa. Mu ga mako mai zuwa." Ya ce to. Ya koma gida bai faɗa mata gaskiya ba.

Ranar Juma'a an kwana ana ruwa. Mashudu ya dawo daga sallar asuba ya ɗan kishingiɗa har rana ta fito. Cikin gyangyaɗi ya ji takun kofatai da kukan sa suna wucewa ta lungu, sai barcin ya ƙara masa daɗi, kamar yana gida. Asmawu kuwa ta fita bakin titi karɓo madarar da Sumaila ke aiko mata don yin wagashi, wato cukun madara. Ta tura ƙofar ƙarfen ta wuce ba ta rufe ba, yadda ta saba ɗaga asabari.

"Malam," ta ce da ta dawo, jarka a hannu, "yana wajenka?"

"Ba tare kuka fita ba?"

Jarkar ta suɓuce. Madara ta malale a tsakar gida ba wanda ya kalle ta.

Suka duba bayan ɗaki, suka duba banɗaki, Mashudu ya leƙa cikin duro na ruwa. Mma Rahimatu ta fito da carbi tana salati, ta tashi duk 'yan haya. Kafin ka ce kwabo lungu ya cika, kowa na ƙwala kira, "Abdulshakur! Abdulshakur!" Sai Mashudu ya ji wata murya ta fi ta kowa, ta tsage kamar tsohon zane. Asmawu ce, ba mayafi, tana kiran sunan da ta shekara biyar tana haɗiyewa. Shi kuwa ya san ko ta kira har maƙogwaronta ya fashe, yaron bai san cewa sunan nasa ne ba.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya sunkuya ya dubi ƙasa.

Taɓon lungu ya cika da sawun kofato, manya, na bijimai. A tsakiyarsu ga wani ɗan sawu, yatsu biyar ba diddige. Mashudu ya tuna takun da ya ji cikin barci, ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya bi sawun da gudu har bakin babban titi, nan kwalta ta haɗiye komai. Motoci, babura, 'yan yalo-yalo masu ƙafa uku suna ta hon. Mutumin da ke iya bin sawun saniya kwana biyu a daji ya tsaya kamar makaho.

"Mma," ya ce wa wata mai koko, "shanu sun wuce nan?"

"Na Alhaji Ɗankande? Tun ɗazu. Kara za a kai su, yau ake lodin Kumasi."

"Da yaro?"

"Na ga wani ƙarami riƙe da jelar jan sa. Na ɗauka ɗan masu kora ne."

Lodin Kumasi. Ya san yadda ake yi. Ana matse bijimai a lungun katako, ana dukansu su hau tirela, babu mai duba ƙasa. Ya hango kashin shanu ɗanye a kan kwalta, ya bi shi da gudu, takalmi ɗaya ya cire bai tsaya ba. Sai babur ya sha gabansa. Madam Lamisi ce, Mma Rahimatu ta kira ta a waya.

"Hau!"

Bai taɓa hawa bayan mace ba. Ya hau.

A kara tirela ta riga ta ja baya ta jingina da tudun lodi. Bijimai sun fi talatin, baƙin shanu daga nesa masu dogayen ƙahoni, sun gaji, sun sha sanda, idanunsu jawur. An loda rabi. A tsakiyar sauran, inda ko babba ba zai shiga ba, ga Abdulshakur da rigar barci, hannunsa a jelar jan sa, yana bin layi zuwa bakin tirela hankali kwance.

A daidai lokacin masu kora suka gan shi.

"Kai! Yaro! Yaro a ciki!"

Suka ɗaga sanduna suna ihu. Bijimai suka firgita suka fara turereniya. Madam ta diro daga babur tana kiran sunan. Wani ƙato mai babbar riga, Alhaji Ɗankande da kansa, ya daka tsawa, "Wane marar hankali ne ya saki ɗansa cikin dukiyata?" Mashudu ya ga yaron ya saki jelar. Ya ga hannuwan sun tafi kunne. Ya ga gwiwoyin sun fara lanƙwashewa. In ya tsuguna a ƙarƙashin kofatan nan, an gama.

"Ku yi shiru! Don girman Allah ku yi shiru! Ku sauke sanda!"

Ko muryarsa ce, ko fuskarsa, suka yi tsit. Ya buɗe baki zai kaɗa harshe, harshen ya bushe ya manne. Ba abin da ya fito. Ya haɗiye miyau da ƙyar, ya rufe ido, ya ga rugarsu da hantsi. Ya kaɗa sau biyu. Sannan ya saki kiran, dogo, yana gangarowa, a gaban Madam da tabaranta da duk mutanen kara.

Bijiman suka ɗaga kai. Turereniyar ta lafa. Wani baƙi ya juyo da ƙahonsa ya wuce tafin hannu ɗaya daga kan yaron.

Ya sake kira, a hankali.

Hannu ɗaya ya sauka daga kunne. Abdulshakur ya miƙe. Ya taho a kan yatsunsa, yana ratsa cikkunan bijimai kamar mai ratsa dawa, bai kalli kowa ba. Ya sunkuya ta ƙarƙashin katako ya fito, ya zo ya tsaya gefen ubansa, ya kama gefen rigarsa yadda yake kama jela. Mashudu bai rungume shi ba, ya san ba ya so. Ya zauna daɓas cikin taɓo.

"Da saura kaɗan in sayar wa Asantawan Kumasi ɗan mutum," in ji Alhaji Ɗankande, yana share gumi da hula. Ba wanda ya yi dariya sai shi, ita ma rawa take.

Madam Lamisi ta zo ta tsaya a kansa. 

"Da sunansa, ko?"

Mashudu bai ɗago ba. "Na ji kunya, Madam."

"Kunyarka ta kusa hawa tirela. Yi min shi kuma."

Ya yi. Ta gwada, ya fito kamar kukan zabuwa, masu kora suka tuntsire. Yaron bai ko motsa ba. Ta sake. Ta sake. A na biyar kunnensa ya ɗan karkato.

"Ya isa na yau," ta ce. "Litinin ka kawo shi. Amma daga yanzu, duk wanda ya yi kiran nan, ya bi shi da sunan nan take, har ya gane nasa ne. Ba kullum za ka kasance kusa ba. Har da kai."

"Madam, ɗan fari ne. Bakina ba zai iya ba."

"Bakin matarka ya iya. Duk Kaladan ta ji."

Da ƙafa suka koma, shi da yaron, ta gefen titi, takalmi ɗaya a ƙafa. Duk motar da ta wuce sai ya ji ta a ƙirjinsa. A bakin lungu ya hango Asmawu zaune a ƙasa, mata sun kewaye ta. Yaron ya saki rigar ya tsaya kallon sawun kofato a taɓo, fuskarsa ta koma inda shanun suka bi.

Mashudu ya kaɗa harshe sau biyu, ya yi kiran ƙasa-ƙasa. Sannan ya buɗe baki, sunan ya fito da nauyi kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi.

"Abdulshakur."

Yaron ya juyo. Kiran ya juyo wa, ba sunan ba, Mashudu ya sani. Ya shigar da shi gida, ya tura ƙofar ƙarfen, ya zura sakata. Ya taka uku, ya dawo ya taɓa ta ya ji ko ta shiga.