Kwalin da Baba Bai Buɗe Ba

Baba ba ya sayen mutum-mutumi ɗaya. Biyu yake saye, kamar sauran abokansa masu tara kayan wasa a unguwar Nakano: ɗaya a buɗe, ɗaya a ajiye da liƙinsa na kamfani. Da ya rasu, cikin tarinsa Jan Jirgi kawai ya rage, jirgin ƙasa ne da ake lanƙwasawa ya miƙe ya zama mayaƙi. Yayana Noboru ya ɗauki na cikin kwali. Ni aka miƙo mini buɗaɗɗen, fentinsa a goge, babu ƙafa guda, babu takobi, babu hannun hagu.

"Ke da kika karanta injiniya, sai ki gyara," in ji shi.

Na kuwa gyara. Shekara huɗu na yi ina fita kasuwar gwanjo duk Lahadi, ina tona kwanduna cikin sanyi har yatsuna su sandare. Na samo ƙafar jirgin, na samo takobin. Hannun ne ya gagara, domin masu kuɗi sun shigo harkar, har karyayyun ma kwashewa suke. Noboru kuwa bai taɓa tona kwandon kowa ba. Nasa yana zaune cikin kabad yana ƙara tsada, kuma duk wata sai ya turo mini hoton sabon farashi. Ina gogewa, amma sai na gama karantawa.

Hannun da nake nema yana cikin kwalinsa, ni da shi duk mun sani. Ban roƙa ba.

Ran nan ya kira ni. Wani dillali, Kuramochi-san, zai sayi kwalin a yen miliyan biyu, yana so wanda ya san kayan ya shaida liƙin na asali ne.

"Chizuru, ki zo da tabaranki na 'yan boko. Zan saya miki taliya."

"Riƙe taliyarka, Yaya."

Na je. Na sa safar hannu na ɗaga kwalin, sai na ji wani abu ya gangara a ciki, kamar shinkafa a gwangwani. Na san wannan ƙarar. Robar da aka yi gwiwoyin Jan Jirgi da ita tana rugurgujewa in ta tsufa, ko an taɓa ko ba a taɓa ba. Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. In ciniki ya lalace, dole a buɗe kwalin, hannun kuma ba da wannan robar aka yi shi ba.

"Liƙin na asali ne," na ce. "Amma na ciki ya karye. Ku saurara."

Na karkata kwalin a hankali. Noboru ya yi fari fat.

"Ke dai baƙin ciki zai kashe ki!"

"Ni na karya shi? Gaskiya kuka kira ni in faɗa."

Kuramochi-san ya kara kunnensa, ya saurara, ya yi murmushi.

"Ƙanwarka tana da kunne. Duk waɗanda na riƙe haka suke kuka. To, wa zai buɗe? Kwali nake saye, 'yammata."

Bai rage ko yen ɗaya ba. Ya naɗe kwalin cikin ƙyalle, ya sunkuya mana, ya fita da hannun da nake nema a hammatarsa.

Noboru ya zube kan tabarma yana dariya har da hawaye.

"Har yanzu tayin taliya yana nan."

"Ka ci kwano biyu," na ce, na sa takalmina.

A jirgin komawa gida na yi ta cizon leɓe har tasharmu. An ce ranar Lahadi wani tsoho daga Saitama zai kawo kwanduna uku. Zan riga kowa isa.