Ashirin da Ɗaya ko Ashirin da Bakwai

Ana kiransa Ido-Ɗaya saboda gilashin ƙara girma da yake maƙalawa a idon dama tun safe, har in ya cire sai ka ga zagayen ya bar masa shaida. Gyaran kyamara da wankin hoto ne sana'arsa. Shagon bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, kuma rabin teburin na Mai Agogo ne, wanda suka shekara goma sha tara suna raba fitila ɗaya suna gardama.

Wata Talata da hantsi wata nas ta shigo cikin kayan aikinta, ta kwance tsohon ɗankwali, ta ajiye kyamara a gabansa. Irin ta da ce, mai ƙananan tagogi biyu a goshi, wadda sai ka murɗa har inuwa biyu sun hau kan juna kafin ka ɗauka.

"Baba, ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Akwai fim a ciki tun shekara ashirin da shida. Mahaifiyarmu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, sai dai ko a wannan fim ɗin, watan da za ta rasu. Shi kuma ya kasa kai shi wanki. Yarana suna tambayata kamanninta, ni kuwa fuskar ta fara ɓace mini."

Yana sauraronta, hannunsa yana aikin da ya saba. Ya shafa murfi, ya gwada maɓalli, babban yatsansa ya zagaya baya ya murza ɗan faifan da ke wurin don ya ji ko ya cije. Ta ce za ta dawo in ta tashi aiki.

Da ta fita ya nannaɗe fim ɗin ya buɗe kyamarar. Gwangwanin fim ɗin tsirara yake, babu takarda, babu lamba. Marigayin irin masu sayen fim a dunƙule ne, su yanka su ɗura da kansu. To, ba komai, ai don haka aka yi faifan baya. Ba ya haɗe da komai a cikin kyamara, tunatarwa ce kawai: ranar da ka sa fim sai ka juya shi zuwa lambar ƙarfinsa. Layi biyu ne a jikinsa, ASA a waje, DIN a ciki. Ashirin da ɗaya na ciki shi ne ɗari na waje, ashirin da bakwai kuma ɗari huɗu. Daga lambar mai wanki yake sanin mintin da fim zai yi a ruwan magani.

Ya juya kyamarar ya duba bayanta. Kibiyar faifan tana kan goma sha biyar, inda yatsansa ya bar ta.

"Lafiya, Ido-Ɗaya?" in ji Mai Agogo. "Ka yi kamar wanda ya haɗiye sukuru."

"Na murza faifan kafin in karanta."

"Ba ka ga inda yake ba?"

"Na ga biyu a gaba. Na bayan ne ban sani ba, ko ɗaya ko bakwai."

"Shida ce fa kawai tsakani."

"Shida a bakinka. A fim ninki huɗu ne. Kuma wanki sau ɗaya ake yi, ba agogonka ba ne da in ya tsaya za a sake murɗa shi."

Mai Agogo ya ɗaga kafaɗa. "Ka zaɓi tsakiya ka wanke. In ya fito dishi-dishi, ka ce tsufa ne. Wa ya gani?"

"Kai."

"Ni idona yana kan aikina."

Ido-Ɗaya ya daɗe yana jujjuya kyamarar. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, ko da bai taɓa faifan ba, ba lallai ne lambar da ke kansa ta zama gaskiya ba. Magana ce da mutum ya bar wa kansa. Sau nawa ya ga fim mai ɗari huɗu a ciki, faifai yana rantsuwa ɗari ne, don mai shi ya manta ya juya? To, in abin da ya goge ƙarya ne tun asali, me ya ɓata? Ya faɗi haka a fili.

"Ka fara ɗaukar wa kanka lauya ke nan," in ji Mai Agogo. "Kai da ka ƙi shawarata."

Da yamma nas ɗin ta dawo. Ya cire gilashin idonsa, abin da ba ya yi wa kowa, ya gaya mata yadda aka yi bai rage komai ba. Ta kalli yatsan nasa.

"Yanzu shi ke nan, Baba?"

"Akwai hanya ɗaya, 'yata. In yanki ɗan guntu in wanke shi kaɗai, shi zai gaya mana ƙarfin sauran. Amma a duhu zan yanka, ban ga inda almakashi zai bi ba. Hoto ɗaya zai tafi, a kan laifina. Ke za ki zaɓa, na farko ko na ƙarshe."

Ta zauna a kan benci, ta rufe ido tana lissafi. "Da safe mahaifina ya sa fim ɗin. Ina shekara tara, na sa sabon yunifom, ya ce in tsaya a bakin ƙofa. Ni ce ta farko. Umma sai daga baya, a asibiti, in ma ta bari." Ta buɗe ido. "Yanke ni, Baba. Ai ga ni nan."

Ya shiga ɗakin duhu, ya auna da tafin hannu, ya yanka. Ya wanke guntun a kan ɗari. Da ya ɗaga shi a fitila ya fito siriri kamar inuwa: rabin ƙofa, yarinya da jakar makaranta. Mintunan ɗari ba su ishe shi ba, ɗari huɗu ne ashe. Amma a kafaɗar yarinyar akwai hannun wata babbar mace, yankan ya bi ta gwiwar hannun.

Ya koma ciki da sauran fim ɗin, ya ƙara mintuna, ya ƙara wasu saboda tsufa, yana ƙirgawa da baki duk da agogo goma da ke bugawa a bayan labule.

Su uku suka tsaya kan fim ɗin yana ɗigar ruwa. Tagar asibiti. Wata tagar. Kofi a kan durowa. Hannu ya tare kyamara, har sau biyar. Bargo an ja shi har ka. Hoto talatin da biyar, babu fuska ko ɗaya.

"Ba ta bari ba," in ji nas ɗin a hankali.

Ido-Ɗaya ya kamo bakin fim ɗin, inda almakashi ya bi, ya miƙa mata gilashinsa. Ɗaya rabin hoton farko yana nan. Wata mace ce doguwa, ta sunkuya tana gyara wa 'yarta kwala, ta ɗago tana hararar mai ɗauka, dariya tana neman ƙwace mata.

Nas ɗin ta maƙala gilashin a karkace, ta ƙura wa hoton ido.

"Wushirya gare ta," ta ce. "Baba, na manta tana da wushirya."