Inda Grillo Ke Kwanciya

Ƙarar zarto ce ta katse wa Clelia shan gahawarta. Ta kasa kunne. Daga bayan bango take fitowa, daga ɗakin Sinyor Ermanno, tsohon maƙwabcinta da aka sallamo daga asibiti jiya-jiyan nan bisa sharaɗin kada ya ɗaga ko butar shayi. Ta zura silifas, ta tsallaka ɗan filin da ke tsakanin ƙofarta da tasa a saman benen, ta tura ƙofar.

Ta same shi durƙushe. Ya kwantar da gadonsa ta gefe, ya yanke ƙafa biyu, yana kan ta uku. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Sinyor Ermanno, lafiya kuwa? Gadon ne ya yi maka laifi?"

"Tsayi ya yi," ya ce yana haki. "Tunda kin zo, Sinyora, riƙe mini nan."

"Likita cewa ya yi ka kwanta a kansa, bai ce ka yanka shi ba."

"Likita ba shi da kare."

Ya yi nuni da haɓa wajen kujera. Daga cikin bargon da ke kanta wani dogon hanci siriri ya leƙo, sai manyan idanu biyu. Grillo ke nan, ɗan karen Ermanno, irin karnukan tseren nan na Italiya da girmansu bai wuce na kyanwa ba. Toka-toka ne, cikinsa a ɗame, ƙafafunsa kamar sillen kara. A ɗaya ta gaban akwai tabon ɗinki, domin bara daga kan wannan gadon ya diro ya karye.

"Idan na kwanta, ba zan iya tashi ina sauke shi duk sanda ya so ba," in ji Ermanno. "Shi kuma ba ya jira. Gani yake tsuntsu ne shi."

Clelia ta riƙe ƙafar gadon. Wannan "idan na kwanta" ta tsaya mata a rai, amma ba ta tambaya ba, abin da ba halinta ba ne.

Ita dai ba ma'abociyar karnuka ba ce. Mace ce mai son sanin abu. Tun da ta bar aikin kantin takalma, babu mai shiga ko fita a lungunsu na birnin Lucca da bai wuce ta ƙarƙashin idonta ba. Wannan karen kuwa ya daɗe yana ɗaure mata kai. Ermanno ya kawo shi ne bayan rasuwar matarsa, lokacin da ya rufe shagonsa na gyaran keke. Kare ne da ba ya gadi, ba ya kama ɓera. Idan ana ruwa, sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya dubi ubangidansa kamar shi ya saukar da ruwan. Rigunan sanyinsa sun fi na Ermanno yawa. Idan suka hau ganuwa shan iska yara suka nufo shi, sai ya shige tsakanin ƙafafun tsohon yana karkarwa.

Bayan maganar gado, Clelia ta mai da kai masa miyar wake da rana aikinta. Nan take samun damar tambayoyinta.

"Wai wannan rawar jikin, tsoro ne ko sanyi?"

"Duka. Wani lokacin ma murna ce. Ba shi da kitse, gashin kuma kin gani. Duk abin da ya ji a zuci sai ya fito fili."

"In an yi masa tsawa fa?"

"Na taɓa yi sau ɗaya, da ya yi mini fitsari a takalmi. Ya ƙi cin abinci, ya ƙi kallona, sai da na ba shi haƙuri."

"Kai ka ba kare haƙuri?"

"A tsaye na fara, bai karɓa ba. Sai da na tsuguna."

Ta yi dariya. "To me ka gani a jikinsa? Kai ma ka san abin da ka ajiye, tunda ka sa masa suna Grillo, wato gyare."

"Shi ma bai taɓa tambayata abin da ya gani a jikina ba."

Wata rana ya ce ta miƙo masa karen. Ta kai hannu za ta cafe shi ta ƙafafun gaba, tsohon ya ɗaga yatsa.

"A'a, Sinyora, ba kaza ba ce. Hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ƙarƙashin gindi. Ki matso da shi jikinki. In za ki ajiye, sai ƙafafunsa duka sun taɓa ƙasa kafin ki saki."

Ta ɗauke shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, amma jikinsa zafi rau kamar burodin da aka fitar daga tanda. Ya sanƙare a hannunta, yana kallon Ermanno.

"Me ya sa kake koya mini?" ta ce.

"Ke ce mai son sani."

Da hunturu ya shigo sosai, Ermanno ya kwanta kamar yadda ya faɗa. Zuciyar ce take gajiya. Ma'aikaciyar jinya takan zo da safe, sannan ɗansa Tullio ya iso daga Torino, mutum mai faɗin kafaɗa da waya ba ta barin kunnensa. Ranar da ya zo, ya ɗaga bargo zai gyara wa mahaifinsa ƙafa, sai ya ja da baya.

"Baba, kare a cikin gadon maras lafiya? A fitar da shi mana."

"Bar shi. Shi ne murhuna."

"Zan sayo maka jakar ruwan zafi."

"Ita tana numfashi?" Ermanno ya juyo wajen Clelia, ya kashe mata ido. "Kada ku zaci sona yake yi. Ɗumi yake bi. Da tukunya za ta kwanta a gadon nan, da tuni ya manta da ni."

Wannan maganar ta shiga kan Clelia ta zauna. So ne, ko ɗumi? Ta fara lura. Kullum in ta kawo miya, sai ta nemi ɗan tudun da karen ya yi a ƙarƙashin bargo. Da farko yana can wajen sawun tsohon. Bayan 'yan kwanaki ta gan shi a wajen gwiwa. Ta zaci sauyin wuri ne kawai, har ranar da ta taimaka wa ma'aikaciyar jinya wajen sa masa safa, ta ji ƙafafunsa sanyi ƙalau kamar daɓen coci. Ta dubi matar. Matar ta gyaɗa kai a hankali.

Tudun ya ci gaba da hawa. Ya kai ƙugu, ya kai ciki. Ermanno ya daina shan miyar, sai dai a jiƙa masa leɓe. Wata la'asar ya buɗe ido ya kama ta tana kallon bargon.

"Ina ya kai?" ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

Ta kau da ido daga bargon.

"Ina jinsa ai," ya ce. "Ya fi likita faɗin gaskiya."

Fada, limamin coci, ya zo ya yi masa addu'a, ya shafa masa mai a goshi. Washegari da hantsi, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan gadon. Tullio yana tsaye a bakin ƙofa, ya kashe wayarsa. Grillo ya fito da kansa ta wuyan bargo, ya ɗora dogon hancinsa a ƙarƙashin haɓar tsohon. Numfashin yana zuwa, ya tsaya, ya sake zuwa. Sai ya tsaya bai dawo ba.

Babu wanda ya motsa. Ƙararrawar coci ta buga a can nesa. Tullio ya zo ya durƙusa a gefen gajeren gadon, ya kama hannun mahaifinsa. Clelia ta rufe wa tsohon ido. Ta jira ta ga karen ya tashi ya nemi wani wurin, domin ga rana a ƙasa, ga na'urar ɗumama ɗaki a kunne. Bai tashi ba. Yana nan kwance yana karkarwa har masu shirya gawa suka iso, sai da ta sa hannu biyu ta ɗauke shi.

A ɗakinta ya zauna har aka yi jana'iza. Ta shimfiɗa masa bargo kusa da murhu, ya ƙi. Ya je ya tsaya a bakin ƙofarta, hancinsa a tsagar da iska mai sanyi ke shigowa daga wajen ƙofar Ermanno. Ta dafa masa kaza, ya sansana ya kau da kai.

Bayan an dawo daga maƙabarta Tullio ya ƙwanƙwasa mata.

"Sinyora, na gode da komai. Zan tafi da shi. Yarana suna ta murna, ga babban karenmu zai sami abokin wasa."

"Babban kare? Kamar yaya girmansa?"

Ya nuna ƙugunsa. Sannan ya sunkuya ya kama Grillo ta ƙafafun gaba zai ɗaga. Karen ya saki wata siririyar ƙara.

"Sake shi," in ji Clelia. Ita kanta ta yi mamakin muryarta. "Ba haka ake ɗaukarsa ba. Yaranka su wurgo shi daga kujera, karenku ya taka shi da wasa, kafin bikin Ista ba shi da ƙafa ko ɗaya."

"To ya zan yi da shi? Baba bai ce komai ba."

"Ai ba zai ce ba. Ka san shi." Ta miƙa hannu. "Je ka kwaso mini rigunansa."

Tullio ya dube ta, ya dubi karen, ya sauke ajiyar zuciya. Ya tafi ya kwaso.

Sai da aka kwana biyu kafin Grillo ya karɓi abinci, shi ma daga tafin hannunta. Wata safiya sama ta washe, Clelia ta sa masa riga, ta kai shi filin ciyawa mai shinge da ke gindin ganuwa, inda ake sakin karnuka. Babu kowa. Raɓa ta daskare a kan ciyawar ta yi fari. Ta daɗe tana juya igiyar a hannunta, sannan ta kwance.

Ya tsaya ƙafa ɗaya a sama. Sai kawai ya harba da gudu. Clelia ta dafe ƙirji, tana jiran ta ji wani abu ya ɓalle. Bayansa yana lanƙwashewa yana miƙewa, ƙafafun ba a ganinsu, ya yi gefen shinge ya karyo kwana, ya kewaye filin, ya sake kewayewa. Ba ta taɓa ganin abu mai rai yana gudu haka ba, kuma ta so a ce akwai wanda za ta tambaya tun yaushe ya iya.

Ya dawo ya tsaya a gabanta, tururi yana fita daga hancinsa. Ta tsuguna ta sa tafinta a haƙarƙarinsa, ta ji zuciyar tana bugawa da sauri, tana raguwa a hankali. A bayansa, sawunsa ya zana babbar da'ira a kan farar ciyawar, rana ta fara narkar da shi daga gefe ɗaya.