Man da Na Zuba Ranar Juma'a

Duk wanda na ce wa na taɓa gyaran injin jirgin ruwa a Katsina sai ya yi dariya, wai ina ruwan yake. To, akwai. A shekarun da kuɗin fetur suka ruɗa kowa, kamfanin da nake wa kanikanci yana gina madatsar ruwa can gaba da Batagarawa, kuma suna da wani ɗan jirgi mai injin gas da ake shiga don auna zurfin ruwa. Tsohon jirgi ne, daga Kudu aka ɗoro shi a tirela. Mati ke tuƙa shi, mutumin Ƙofar 'Yandaka, wanda ko iyo bai iya ba. Ni kuwa Daniel, ɗan kudancin Zariya, ni ke duba injin.

Mati yana da tasa dabarar. Bai yarda da sandar awon mai ba, wai ƙarya take yi in jirgi na rawa. Takardar buhun siminti yake shimfiɗawa ƙarƙashin injin, da safe ya leƙa. In ya ga baƙin ɗigo ya yi yawa, ya san akwai yoyo, sai ya ƙara mai. In babu baƙi, ya yi bismilla ya tayar. Na yi masa tsiya har na gaji, amma gaskiya shekara biyu takardar nan ba ta ba shi kunya ba.

Sai kamfani ya yo odar wani sabon mai daga Turai. Lokacin komai daga Turai ake yo shi, har tsinken sakace. An ce wannan ba irin baƙin man da muka saba ba ne, haɗa shi ake yi da sinadarai, sintetik suke kiransa. Garau yake kamar man gyaɗa. Na kai wa Mati ina ɗoki, ya tsoma yatsa ya murza.

"Wanga ai ruwa ne, Daniel," in ji shi. "Tsohon inji kauri yake so. Kada ka zuba mani shi."

Abin ya ɓata mini rai. Ni na karanta Turancin da ke jikin gwangwanin, shi ko sunansa da ajami yake rubutawa, amma shi zai koya mini mai? Ranar Juma'a, da su Mati suka tafi masallaci aka bar ni ni kaɗai a bakin ruwa kamar kullum, na kwance injin na tsiyaye tsohon mai, na cika shi da sabon. Niyyata in bari sai ya yaba ƙarar injin da bakinsa, sannan in faɗa masa in yi dariya.

Abin da ban sani ba shi ne, robobin da ke toshe gaɓoɓin injin sun daɗe da tsagewa, daskararren dattin tsohon mai ne kawai ya liƙe su. Sabon man ya wanke dattin tas, ya riƙa zurarewa. Mati yana leƙa takardarsa kullum, ba ya ganin baƙi, sai danshi, kuma danshi ba baƙon abu ba ne a cikin jirgi.

Ranar Alhamis da la'asar hadari ya taso suna tsakiyar ruwa. Injin ya buga, iska ta kife jirgin. Mai auna zurfin ruwan da ke tare da Mati ya yi iyo ya fita. Mati sai washegari aka samu gawarsa.

Da aka jawo jirgin aka buɗe injin, babu ko ɗigon mai a ciki. Lawal mai kula da sito ya ce ai an fitar da sabon mai da sunan jirgin. Nan take magana ta haɗu: Mati ya sayar da man kamfani, ya shiga ruwa da busasshen inji. Manaja ya dube ni ya ce ko ina da abin faɗa. Na tuna 'yan sanda, na tuna matata Rifkatu da tsohon ciki, na tuna ni baƙo ne a garin nan. Na ce ba ni da shi.

Aka kawo injin garejinmu na Ƙofar Durbi, aka ajiye dab da inda nake aiki. Kwana uku da haka, na zo da safe na tarar da takardar buhun siminti a shimfiɗe ƙarƙashinsa, an daidaita gefenta yadda Mati ke yi, a jiƙe. Na yar da ita. Washegari ga wata. Na tambayi maigadi, ya rantse ba wanda ya shigo. Ba na jin an yi ruwa a kwanakin, kuma warin da take yi na laka ne. Tsoro ya kama ni sosai, na daina cin abinci a garejin, na daina juya wa injin baya. Har yau ban san wanda ke shimfiɗa ta ba.

A cikin gari kuwa magana ta bazu. Na ji da kunnena a tashar mota wani yana cewa kwaɗayin galan guda ya kashe direban jirgi. Mutumin da ko ƙusa ya tsinta sai ya yi cigiya.

Ranar sadakar arba'in na sa riga na tafi Ƙofar 'Yandaka. Maza sun cika tabarmi a ƙofar gida, yayan Mati, Malam Sammani, na tsakiya. Na durƙusa muka gaisa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Sannan na ƙi tashi. Na faɗi komai da ƙarfi yadda kowa zai ji: Juma'ar, gwangwanin, yadda Mati ya hana ni na ƙi ji, da shirun da na yi gaban manaja. Ban rage ko kalma ba.

Malam Sammani ya daɗe yana kallona, idanunsa suka kawo ruwa.

"Daniel, Allah shi saka maka," ya ce. "Ka cika aboki. Kana son ruhwa mashi asiri har ka ɗora wa kanka. Amma ba sai ka yi ƙarya ba. Abin da ya yi ya yi, mu mun yahe mashi tun ranar da aka sa shi ƙasa, kamfani ma ya yahe."

Na ce wallahi ba ƙarya nake ba.

"Ka ji ɗan halak, har da rantsuwa," wani tsoho ya ce. "Zamna, yaro. Ba a tada maganar mamaci."

Suka ɗaga hannu suna roƙa wa Mati gafarar satar da bai yi ba. Wani ya matsa mini a kan tabarma, aka miƙo mini gumba, na karɓa.