Ba Ɓarna Ba Ce

"Sake faɗi, Sarki. Mi ka ce aka yi muna?"

Kubura ta miƙe daga kan tabarma ba tare da an ba ta izinin magana ba. Sarkin kasuwar Filinge ya dube ta ta saman tabarau, sannan ya dubi yayanta Manzo, wanda shi ya rako ta zaman sulhun.

"Na ce an yi ɓarna, Kubura. Ba wanda ya musa. Rumfa ta faɗi, tukwanen mai sun fashe, yarinya ta ji ciwo. Alhaji Abdulgafar ya ce zai gyara komi."

"Ɓarna?" Muryarta ta tashi har masu sayar da gero a bakin ƙofa suka waiwayo. "Ɓarna ita ce akuya ta shiga gona ta ci ganyen wake. Ɓarna ita ce ɓera a rumbu. Ɗiyata kake sawa layi guda da tukunya?"

Ɗiyarta Basiratu tana zaune a bayanta, hannunta na dama a naɗe da farin ƙyalle, ta ɗora shi a cinya. Shekarunta goma sha bakwai, kuma kafin ranar kasuwar da ta wuce babu mai kitso a unguwarsu da ta kai ta. Daga Damana ma ana kawo mata amare. A ranar tana tsugune tana taya uwarta suyar ƙosai, babbar motar Alhaji mai ɗaukar buhunan gero ta gangaro da baya, ta ture rumfar, ginshiƙin ƙarfe ya danne mata hannu. Likita ya cire yatsu biyu. Sauran ukun, ya ce, ba lalle su sake lanƙwasawa ba.

Manzo ya ja gefen zanen ƙanwarsa. "Zauna, Kubura. Gaban manya muke."

"Na ga manya, Yaya. Shi ya sa nika son su kira abu da sunanshi."

Alhaji Abdulgafar ya gyara zaman babbar rigarsa a kan kujera. Mutum ne mai sanyin murya, motocinsa na zirga-zirga tsakanin Filinge da Baleyara da Yamai, kuma rabin mutanen da ke ɗakin sun taɓa cin alherinsa.

"Baiwar Allah, wallahi na ji zafin abin nan kamar ɗiyata ce. Amma tsautsayi ne. Abin da Allah ya rubuta, wa zai goge?"

"Tsautsayi shi ne aradu ta faɗo ma mutum a gona, Alhaji. Motarka ba ta da birki tun kaka. Kowa a tashar nan ya san da guntun icce ake tare ƙafarta in ta tsaya. Ran nan an manta ba a sa iccen ba. Allah ne ya rubuta maka kada ka kai ta gareji?"

Direban, wani siririn mutum mai suna Kailu, yana rakuɓe a jikin bango, kansa a ƙasa. Sau biyu ya je asibiti a ɓoye ya duba yarinyar, ya yi kuka, ya ce ya sha gaya wa maigidansa zancen birkin. Yanzu kuwa ko tari bai yi ba.

Tahiru, babban ɗan Alhaji, wanda ya yi karatu a Yamai, ya girgiza kai ya ce a hankali, "Domaj. Gaskiya domaj."

Kubura ta juya gare shi. "Mi ke nan?"

"Faransanci ne, Inna. Kamar a ce ayya, abin tausayi."

"A asibiti ma na ji kalmar nan. Can sun ce ma'anarta illar da aka yi ma jikin mutum, wadda alƙali ke sa a biya diyyarta. Wanne ne naka a ciki?"

Tahiru ya dubi mahaifinsa.

"To ka gani," in ji ta. "Ko bakin Nasara ya fi ku kunya, shi ya haɗa su biyun wuri guda. Ku kun ɗauki ayya kun bar mini sauran."

Sarkin kasuwa ya ɗaga hannu. "Kubura, ya isa. Rauni ne, kuma rauni na warkewa. Yarinya ce, gaba gare ta."

"Rauni shi ne wuƙa ta yanke ka, ka ɗaure, ka koma aiki. Wanga lahani ne, Sarki. Nakasa ce. Jiya ni na ɗaura mata zane. Ni na ba ta tuwo a baki kamar jinjira. Ta ce mini, 'Inna, wa zai kawo mini kai in yi mishi kitso da hannun hagu?' Ka ba ni amsar da zan ba ta."

Basiratu ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan ƙyallen, ta yi sauri ta rufe wurin da ɗaya hannun.

"To mi kike so?" Alhaji ya tambaya. Sanyin muryar ya fara ƙarewa. "Na ce zan tada rumfa. Na ce magani a wuyana. Mi ya rage?"

"Ka ce sakaci ne, da bakinka, gaban mutanen nan. Kuma motar nan kada ta sake hawa hanya sai an gyara ta. Yau da safe na gan ta tana lodi za ta Baleyara, iccen nan na ƙarƙashinta."

Alhaji ya yi murmushi kaɗan, ya dubi Manzo maimakon ita. "Malam Manzo, da kai muka gama magana jiya. Ka ce kun yafe."

Kubura ta juya a hankali. Manzo yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Yaya?"

"Kubura, gari guda muke. Da motarshi nika kai gerona kasuwa. In muka kai ƙara, mu za a kira masu neman fitina. Cuta ce za ki jawo muna duka."

"Cuta," ta maimaita. "Ashe ka san kalmar. Sai dai ka ajiye ta don geronka."

Sarkin kasuwa bai bari maganar ta yi nisa ba. Ya ce tunda babban namiji na gidan ya yafe, zance ya ƙare, a rufe da addu'a. Maza suka gyara zama, suka ɗaga tafukan hannu. Alhaji ya lumshe ido. Basiratu ma, saboda ladabi, ta ɗaga nata, na hagun a buɗe, na daman dunƙule cikin ƙyalle.

Kubura ta kama kafaɗar ɗiyarta. "Sauke. Tashi mu tafi."

Suka ratsa tsakanin masu addu'a, suka sa takalmansu a bakin ƙofa. A waje rana ta take, masu amalanke na ihun a ba su hanya. Basiratu ta nufi kwanar gida, uwar ta riƙe ta.

"Ba can ba. Wajen jandarma za mu, mu kai ƙara."

"Inna, Kawu zai yi fushi."

"Ya yi."

Sun kai bakin titi ke nan suka ji takun mutum a bayansu. Kailu direba ne, yana haki, hularsa a hannu. Bai dube su ba. Ya dai daidaita tafiyarsa da tasu. Daga ɗakin da suka baro, muryoyin maza suka haɗu suka ce amin.