Mutum Bakwai a Ramin Falaj

Shekara talatin ina dafa gahawa a ofishin hasashen yanayi. Karatuna aji uku ne, amma ina son tsayawa bayan masana in kalli kwamfuta, inda duwatsun Oman ke sauya launi kamar hawainiya.

Ranar Alhamis da hantsi na kai wa Shamsa, ɗaya daga cikin masanan, gahawa da dabino, ko kai ba ta ɗago ba. Zanen da balan-balan ɗin auna iska na safe ya aiko take kallo, layi biyu karkatattu, tsakaninsu ya kumbura kamar akuya ta kusa haihuwa.

"Baba Zahran, ka taɓa ganin ya yi ƙiba haka?"

"Sau ɗaya. Shekarar da na ga raƙumi a kan bishiya bayan ambaliya."

Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe taswira, ta tura lokaci gaba. Da ya kai ƙarfe ɗaya, sai launi ja wur, alamar ruwa mai ƙarfi, ya zauna kan dutsen da ke bayan ƙauyenmu.

Ranar ake yasar falaj, hanyar ruwanmu ta ƙarƙashin ƙasa. Ƙanena Marhun da mutum shida suna ciki, gaba ashirin ƙasa, bakunan ramin kuwa a buɗe tsakiyar kwari. Waya ba ta shiga can.

Na kira Halfan, wakilin falaj, da ke zama a bakin rami.

"Zahran mai gahawa! Yau kuma wane mafarki ka yi?"

"Fito da su, Halfan. Ruwa na tafe."

"Sama tas take kamar faranti! Kowane manomi ya haƙura da rabon ruwansa na yau saboda aikin nan. In fito da su a banza, in ce wa gari me? Akwatinku ya yi atishawa?"

Shamsa ta karɓe wayar.

"Baffa, bar kallon saman kanka. Dubi bayan dutse. Me ka gani?"

"Wani ɗan farin gajimare ne, kamar rawani."

"Ɗazu yana nan?"

"Babu."

"Awa nawa suke ɗauka kafin su fito?"

"Daga can ƙurya? Ɗaya da rabi."

"To biyu gare ka. Ƙila ma ba su cika ba."

Ya kashe wayar.

Na zauna a ƙasa kusa da kujerarta, abin da ban taɓa yi ba. Sha biyu da rabi ɗigo-ɗigon ruwa suka bayyana a allon, suka haɗe, suka yi baƙi. Na kira Halfan sau tara, ba a ɗauka ba.

Ɗaya da minti ashirin wayata ta yi ƙara. Rurin ruwa kawai nake ji kamar injin niƙa, sannan muryar Marhun, yana haki.

"Yaya, muna kan tudu."

"Ku nawa?"

"Takwas. Subait kurma bai ji kira ba, Halfan ne da kansa ya sauka ya jawo shi. Ga Halfan ɗin nan zaune ba wando, yana zagin kowa."