Hular Kwano a Cikin Taɓo

Gajera ake ce mata a mahaƙar, kuma sunan ya bi ta, don in ta tsaya jikin motar da take tuƙawa ko rabin taya ba ta kaiwa. Motar kwasar dutse ce, sai da tsani ake hawa, kuma daga kujerar direba ba a ganin abin da ke kusa da tayoyi. Shi ya sa aka maƙala wa kowane ma'aikaci 'yar na'ura a hular kwanonsa. In ya matso kusa da mota sai ta yi ƙara, in ya ƙara matsowa ta ci birki da kanta.

Ranar da abin ya faru, tun safe ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gajera ta ɗauko lodi daga ƙasan rami tana hawowa a hankali, da ƙyar take ganin hanya. Tana shan kwanar da ke kusa da ɗakin famfo sai ƙara ta cika mata kunne, motar ta tsaya cak har ƙirjinta ya bugi sitiyari. A ɗan allon da ke gabanta ga jan ɗigo daf da tayar hagu, ko motsi ba ya yi.

Ta jawo oba-oba, rediyon da suke magana da juna. "Oga, akwai mutum a ƙarƙashina."

"Kar ki motsa," in ji mai kula da aikin. "Kashe mota ki sauka ki duba."

Ta sauko tsanin tana salati a ranta. Ta riga ta ƙaddara abin da za ta gani. Amma da ta leƙa gaban tayar ba kowa, sai hular kwano ita kaɗai, kife a cikin taɓo.

Ta yi ajiyar zuciya, ta ɗauki hular. Igiyar haɓar ta tsinke, daidai inda aka taɓa ɗaure ta da shuɗiyar waya. Ta san wannan ɗaurin. Na Kawu ne, ƙanin mahaifiyarta, mai gyaran famfunan da ke zuƙe ruwa daga ramin. Ƙarar inji ta daɗe da cinye masa kunne ɗaya, ɗayan ma sai an ɗaga murya.

Hular na hannunta, shi kuwa yana wani wuri da kai a buɗe, babu motar da za ta san da shi. Daga ƙasa tana jin kukan injuna, motoci suna ta hawa da sauka cikin ruwan.

Oba-obar tana can sama. Ta kama tsani, ƙafarta ta zame, ƙaurinta ya daki ƙarfe, ba ta ma ji zafin ba.

"Oga, a tsayar da kowa. Hular Kawuna ce, shi ba ya nan."

Mai kula da aikin bai tsaya tambaya ba. Muryarsa ta fito a kowace mota: kowa ya tsaya inda yake, ya kashe inji. Injunan suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya, ban da guda. A hanyar da ke ƙasa da ita wata mota na ci gaba da gurnani, tana kukan ja da baya.

"Mai Gemu," in ji Oga, yana kiran direban motar. "Mai Gemu, kana ji na? Tsaya."

Shiru. Gajera ta danne oba-obar da hannu biyu. Oga ya sake kira, ya kuma sakewa. Can sai ga muryar Mai Gemu: "Na'am, Oga, ruwan nan ya hana ni ji." Injin ya mutu.

Ta sauko ta nufi bakin hanya. Gefen ya zabtare, ga sawun abu mai nauyi da ya sulale cikin laka har hanyar ƙasa. Ba ta bi ta kwana ba, zama ta yi ta sulale ita ma, duwatsu na yagar mata tafin hannu. Tana kiran Kawu, duk da ta san ba zai ji ba.

Mai Gemu ya leƙo ta taga. "Ƙanwata, ni ban ga kowa ba. Allona ma bai nuna komai ba."

Ta zagaya bayan motar. Kawu na kwance a rigingine cikin sawun taya, ƙafarsa ɗaya a karkace, ruwa na zuba masa a fuska. Tayar ta riga ta take gefen rigar ruwansa. Idonsa a buɗe, yana kallon baƙar robar da ta tsaya a kansa.

Ta durƙusa ta sa baki a kunnensa mai ji. "Kawu, ni ce."

"Na yi ta ihu," ya ce da dasasshiyar murya. "Ina ganinta tana zuwa, na kasa ja."

Mai Gemu ya sauko da wuƙa zai yanke rigar. Da ya ga yadda tayar take daf da kafaɗar tsohon, wuƙar ta suɓuce masa, ya koma gefe yana amai. Gajera ce ta yanke rigar, ta jawo Kawu ta hammata har suka fita daga inuwar motar.

Motar asibitin mahaƙar ta iso, aka ɗaure ƙafar aka ɗora shi. Kafin a rufe ƙofa ya riƙo hannunta.

"Kar ki gaya wa Yaya. Hawan jininta."

"Za ta ga ƙafar ai, Kawu."

"Ki ce santsi ne."

"To ai santsin ne," ta ce.

Karaya ce a idon sawu, ta warke bayan ya sha kwanciya. Ita kuwa Gajera, a ranar da abin ya faru, da ta koma wajen motarta ta kama tsani, hannunta ya ƙi riƙewa. Oga ya zo ya same ta tsaye a ruwa, ya dube ta, ya ce wa wani direba ya ƙarasa kai lodin.